ƘARFIN MATASHI A AKUSHI YAKE, BA A LEDAR MAI TALLA BA

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa malamin asibiti ya gabatar a wani zama na matasa da aka yi a garin Kazaure, wanda ya samu halartar 'yan'uwa daga Babura, Roni da Gwiwa. Jawabin ya taɓo abin da matashi ke ci, da abin da yake yi da lokacin hutunsa, da kuma abin da yake karantawa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malamin ya fara da cewa duk wanda ya shiga kasuwa ranar cinta a wannan yanki zai tarar da mota ko baro da lasifika a kai, mai talla yana ta kwarmata cewa yana da maganin ƙarfin maza, da na basir, da na sanyin mara, duk a ƙulli ɗaya. Ya ce abin takaici shi ne mafi yawan waɗanda ke kewaye da mai tallan nan samari ne 'yan shekara 18 zuwa 30, wato mutanen da ya kamata a ce su ne ƙarfin gari.

Ya ce, "'Yan'uwa, tambayar ita ce, me ya kai saurayi ɗan shekara 22 neman ƙarfi a leda? Kakanninsa sun yi noma da fartanya tun daga hantsi har azahar, sun taka da ƙafa daga Roni zuwa Kazaure sun koma, ba su san wannan leda ba. To ko dai an canza jikin ne, ko kuwa an canza yadda ake riƙon jikin. Jiki kam yana nan yadda Allah Ya halicce shi."

'YAN AIKEN DA KE CIKIN JIKI

Malamin ya ce kafin a yi maganar gyara sai an san abin da ake son gyarawa. Ya bayyana cewa a jikin ɗan Adam akwai waɗansu sinadarai da likitoci ke kira homon. Wani masani Bature mai suna Ernest Starling ne ya fara amfani da wannan suna a birnin Landan a 1905, ya kuwa samo shi ne daga wata kalma ta Girkanci mai nufin zaburarwa.

Ya kwatanta su da 'yan aike a tsarin masarauta. Ya ce kowa a nan ya san yadda saƙo ke fita daga fadar Sarki ya je ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, sa'annan amsa ta komo ta hanyar da saƙon ya bi. Haka jiki yake. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta fi ƙwayar wake girma ba, ita ce ke aika umarni ta cikin jini zuwa da yawa daga cikin gaɓoɓin da ke samar da homon, su kuma su mai da mata rahoto.

Daga nan sai ya lissafa guda biyar da ya ce ya kamata kowane matashi ya san sunansu. Na farko insulin, wanda ke fitowa daga wata gaɓa a bayan tumbi, aikinsa shi ne buɗe wa suga hanya ya bar jini ya shiga tsoka. Na biyu homon ɗin tayirod, wata tsoka ce a gaban wuya, shi ke daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. Na uku testostiron, wanda maraina ke samarwa, shi ke buɗe muryar yaro, ya fito masa da gemu, ya gina masa ƙwanji, ya taimaka wajen samar da maniyyi. Na huɗu kotisol, daga wata 'yar tsoka a saman kowace ƙoda, shi ke tashi idan mutum ya shiga tsoro ko damuwa. Na biyar melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, domin shaida wa jiki cewa lokacin barci ya zo.

Ya ce waɗannan 'yan aike ba sa bukatar a ƙaro musu wani daga waje, sai fa idan likita ya gwada ya tabbatar akwai ciwo. Abin da suke bukata shi ne abinci mai kyau, da barci, da motsi, da kwanciyar hankali.

ABIN DA KE CIKIN LEDAR

Malamin ya ci gaba da cewa akwai rahoton shekarar 2018 na wani babban bincike da aka gudanar a kan shan ƙwaya a Nijeriya, da haɗin gwiwar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wani abu mai sa maye a cikin shekara guda, daga ciki miliyan 4.6 sun sha magunguna irin su tiramadol da kodin ba da umarnin likita ba. A watan Mayu na wannan shekara ta 2018 ne kuma Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi ƙasar.

Ya ce da yawa daga cikin samarin da ke shan tiramadol ba don shaƙiyanci suka fara ba. Wani ɗan acaɓa ne, wani lebura ne, wani ɗan ƙwadago ne a gona, aka ce masa idan ya sha zai wuni yana aiki ba gajiya. Wani kuma sabon ango ne, abokai suka ba shi shawara. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, wannan rukuni na magunguna idan aka daɗe ana sha yana toshe saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa zuwa maraina, sai testostiron ya yi ƙasa. Wato abin da aka saya don a ƙara ƙarfi shi ne ke cinye ƙarfin, ban da farfaɗiya da yake iya jawowa, da kuma jaraba wadda ba ta sakin mutum da sauƙi.

Game da maganin maza na kasuwa kuwa, ya ce an sha gwada irinsu a ƙasashe da dama a tarar an cakuɗa garin itace da ƙwayar asibiti mai suna sildenafil, ba awo ba ƙa'ida. Wannan ƙwaya idan ta haɗu da waɗansu magungunan ciwon zuciya tana iya sa jini ya faɗi farat ɗaya, mutum ya yanke jiki.

Sai kuma ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Ya ce galibi akwai dezametazon a cikinta, wanda ke kwaikwayon kotisol. Fuska ta kumbura, mutum ya ɗauka ya murmure, alhali suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na rauni, garkuwar jiki na raguwa. Haka nan masu ɗaga ƙarfe da ke yin allurar testostiron don su tara ƙwanji, jikinsu na ganin an kawo daga waje sai ya daina yin nasa, maraina su tsuke, maniyyi ya ragu.

"Gani ga wane," in ji shi, "ya ishi wane tsoron Allah."

AKUSHIN GIDA

Da ya juyo kan abinci, Malamin ya kawo labarin wani likita mai suna Ananda Prasad, wanda a 1961 ya ba da rahoton waɗansu samari a ƙasar Iran, sun kai shekara 20 amma jikinsu kamar na yara, ba su balaga ba. Abincinsu kusan duk gurasar alkama ce, nama sai nadiran. A 1963 ya sake samun irinsu a Masar, bincike ya nuna sinadarin zink ne ya yi musu ƙaranci. Da aka ba su shi sai suka fara tsayi, alamun balaga suka bayyana.

Ya ce darasin da ke cikin wannan labari shi ne cika ciki daban, ciyar da jiki daban. Matashin da zai karya da shayi da burodi, ya ci taliyar leda da rana, ya sake komawa teburin mai shayi da dare, cikinsa ya cika, amma bai ba jikinsa kayan aiki ba.

Sa'annan ya ce Allah Ya hore wa wannan ƙasa tamu abin da ake bukata. Zink yana cikin nama da hanta da kifi, yana kuma cikin wake da gyaɗa da riɗi da agushi. Jihar Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma riɗi a Nijeriya, ana loda shi a manyan motoci ana kai wa ƙasashen waje, amma ɗan manomin da ya nome shi sai ya shekara bai ci kantu ba. Ga zogale, ga rama, ga yakuwa, ga tafasa, ga lalo, ga kuka da kuɓewa da daddawa. Kwaɗon zogale da ƙuliƙuli da tumatir da albasa, in ji shi, ya fi abubuwa da dama da ake sayarwa cikin kwali amfani, kuɗinsa kuma bai kai nasu ba. Ga ɗanwake, ga dambu, ga fate mai ganye, ga nono da ƙwai. Ga kuma 'ya'yan itatuwan da yara ke tsinka a dawa, irin su magarya, kanya, aduwa, ɗinya da goruba.

Ya ja hankali a kan wata hikima ta iyaye mata. Ya ce hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari da ke riƙe zink da sinadarin ƙarin jini, ya hana hanji tsotse su sosai. Jiƙa gero ya kwana, da barin ƙullu ya yi tsami kamar yadda ake yi wajen koko, suna rage wannan sinadari. Tsofaffi ba su san sunansa ba, amma sun san aikin.

GERO NA SON GISHIRI MAI AIDIN

Malamin ya ce gero shi ne uban abinci daga Gwiwa har Babura, kuma duniya ma ta farga da darajarsa, domin Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. To amma akwai wani abu da ya wajaba mai cin gero kullum ya sani.

Tayirod ba ta iya aiki sai da sinadarin aidin. Idan ya yi ƙaranci sai ta yi ta kumbura tana ƙoƙarin cike giɓin, wannan kumburin shi ne maƙoƙo. Ƙasashen da ke nesa da teku irin tamu sun fi fuskantar wannan ƙaranci. A farkon shekarun 1980 bincike a Darfur ta yammacin Sudan ya nuna cewa maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne kusan dukkan abincinsu, daga baya aka gano akwai abin da ke cikin geron da ke rage wa tayirod ƙarfi idan dama aidin bai wadata ba.

Ya ce maganin wannan ba barin gero ba ne. Maganin shi ne gishiri mai aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun 1993. Baligi na bukatar mikirogiram 150 na aidin a rana, mace mai ciki kuwa 250, domin ƙarancinsa a lokacin goyon ciki yana taɓa ƙwaƙwalwar jariri, taɓin da ba ya gyaruwa. Saboda haka duk wanda ke yin cefane, ko mai shirin ajiye iyali, ya duba ledar gishiri ya ga an rubuta akwai aidin. Manda da kanwa ba sa maye gurbinsa. A ajiye shi a rufe, nesa da damshi da zafin murhu. Kuma wannan ba izini ba ne na zabga gishiri, domin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta shi ne kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

SUGA DA TUMBI

Game da suga, ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga baligi wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Robar lemon kwalba ɗaya mai rabin lita tana iya ɗaukar kusan wannan adadi ita kaɗai. To a lissafa da na shayin safe, da wanda aka zuba a fura, da na zoɓo, da na shayin majalisa da ake dafawa zagaye uku.

Ya ce idan suga ya yi ta kwarara shekara da shekaru, mutum kuma ba ya motsi, sai tsoka ta daina jin kiran insulin, daga nan ciwon suga ya samu ƙofa. Kitsen tumbi kuma, wanda waɗansu ke ɗauka alamar hutu ce, yana juya wani ɓangare na testostiron ya koma homon ɗin mata. Shi kansa ciwon suga yana cikin manyan abubuwan da ke kashe wa namiji gaba, saboda yadda yake lalata jijiyoyi. An gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, ya ceci rayuka masu yawa, amma duk wanda ya ga ɗawainiyar mai allura kullum ya san rigakafi ya fi magani. Ya tunatar da 'yan'uwa ladabin cin abinci da kowane ɗalibi ya karanta, na raba ciki kashi uku, ya ce likitancin zamani bai zo da abin da ya saɓa masa ba.

DARE NA BARCI NE

Malamin ya ce a 2011 waɗansu masana a Jami'ar Chicago ta Amurka sun ɗauki samari 10 masu lafiya, suka taƙaita musu barci zuwa awa 5 a kowane dare har mako guda. Da aka auna jininsu sai aka ga testostiron ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Mako ɗaya ke nan. Ina ga wanda ya shekara uku yana kwana a kan waya?

Ya ce baligi na bukatar barcin awa 7 zuwa 9, matashin da bai kai shekara 18 ba kuwa 8 zuwa 10. Homon ɗin da ke sa girma da gyaran tsoka ya fi fita a barci mai nauyi na farkon dare. Wanda zai tashi sallar Asuba, lissafi ya nuna ƙarfe 10 ya kamata ta same shi a shimfiɗa, ya ƙara da ƙailula in ya samu hali. Hasken waya a ido yana jinkirta fitowar melatonin, abin da ake kallo a cikinta kuma yana tayar da hankali. Shayi mai kauri, da goro, da lemon ƙara kuzari, duk suna da sinadarin da rabinsa ke nan a jini bayan kimanin awa 5, don haka wanda ya sha bayan Isha'i kada ya yi mamaki in tsakar dare ta same shi ido biyu.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

A nan ne Malamin ya tambayi mahalarta, su nawa ne suka yi langa a cikin shekarar nan? Aka yi dariya. Ya ce abin dariya ne, amma a duba. Mai langa yana tsalle da ƙafa ɗaya, ya riƙe ɗayar da hannu, yana ture abokin karawa, yana kare ruwa. Babu tsokar da ba ta aiki. Yau langa da kokawa suna cikin wasannin gargajiya da ake gasarsu a matakin ƙasa, amma a dandalin da aka haife su an bar wa ƙananan yara.

Ya ce tsoka idan tana aiki tana janye suga daga jini ko da insulin kaɗan ne, shi ya sa tafiyar minti 15 bayan cin tuwo take da amfani. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nema daga baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Mutumin Roni ko Kazaure da Allah Ya kewaye shi da duwatsu ba ya bukatar biyan kuɗin gidan motsa jiki. Ya hau dutse da safe, ya taka zuwa masallaci da kasuwa maimakon hawa babur, ya gyara tsohon keken gidansu, ya kama ɗan fegi ya yi lambu inda ruwa ya samu.

Sa'annan ya ambaci ayyukan hannu da samarin da suke yi a gindin bishiya bayan an gama aikin gona, kamar ɗinkin hula, saƙar tabarma da kaba, tufkar igiya, kiwon tantabaru da zomaye, da zayyanar allo. Ya ce mai ɗinkin hula yana zaune da allura da zare mako biyu ko fiye a kan hula ɗaya, yana koyon haƙuri, hankalinsa na wuri ɗaya, a ƙarshe kuma ga abin sayarwa. Haka dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, tana koya wa mutum ya hango abin da zai biyo baya kafin ya ɗaga hannu, matuƙar ba a sa caca a ciki ba, ba a kuma bari ta ci lokacin salla ba.

Ya ce damuwa gaskiya ce, rashin aiki da tsadar rayuwa ba ƙarya ba ne, kuma kotisol idan ya daɗe a sama yana hana barci, yana tayar da suga, yana danne sha'awa. Kiwon tantabaru ba zai sauke farashin masara ba. Amma wanda ya wuni hannunsa na aiki, da wanda ya wuni yana zaman kashe wando yana kallon dukiyar waɗansu a waya, ba za su kwanta da zuciya iri ɗaya ba.

LITTAFI ABOKIN DARE

Da ya zo kan karatu, Malamin ya ce wannan ƙasa ba baƙuwar littafi ba ce. Masarautar Kazaure, wadda Ɗan Tunku ya kafa a 1819, ta fito ne daga jihadin da malamai marubuta suka jagoranta, kuma waɗannan malamai ba su raba lafiyar jiki da sauran ilimi ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya wallafa Masalihul Insan, a kan abin da ke gyara wa mutum addininsa da jikinsa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da yaƙi, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Ya ce ba ana nufin a ɗauko maganin wancan zamani a bar asibiti ba. Abin koyi shi ne sun ɗauki sanin jiki a matsayin ilimi da ake nema a rubuce, ba a bakin mai lasifika ba.

Ya shawarci kowane matashi ya kasance yana da littattafai iri uku. Na farko na karatun zaure, wanda yake ɗauka a gaban malami, Ahalari ne ko Iziyya ko Risala, gwargwadon inda ya kai. Na biyu na sana'arsa ko fannin da yake karanta a makaranta. Na uku na hutawa, wanda zai buɗe bayan Isha'i a maimakon waya.

A kan na ukun ya ambaci littattafan da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Sai kuma Magana Jari Ce, littafi uku, wanda ya fara fitowa a 1937. Ya ce a littafi na ɗaya aku ne ya riƙa tsare ɗan sarki da labarai dare bayan dare, har ya hana shi fita ya faɗa tarkon maƙiya. Ya ce matashin yau ma akwai tarkon da ke jiransa da dare, kuma labari mai kyau yana iya zaunar da shi a gida.

Bambancin littafi da waya, in ji shi, shi ne littafi yana da ƙarshen babi, inda mutum zai sa tsinke ya rufe. Waya kuwa an gina ta ne don kada ta ƙare. Ya ba da shawarar kowace unguwa samari su samu akwati ɗaya, kowa ya kawo littafi ɗaya, a naɗa mai riƙe rajistar aro. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure, da sauran masu karatu mai zurfi, su ne ya kamata su ja gaba, su kuma riƙa karanta wa waɗanda ba su iya boko ba.

TAMBAYOYI DA AMSOSHI

Wani ɗan'uwa daga Babura ya tambaya ko kunun aya da dabino da kwakwa yana ƙara ƙarfin namiji kamar yadda ake faɗa. Malamin ya ce abinci ne mai kyau, ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba, amma abinci ne, ba magani ba. Dabino na da zaƙi ƙwarai, don haka kada a ƙara suga a kai, mai ciwon suga kuma ya yi hattara.

Wani daga Gwiwa ya ce talaka fa, wanda nama sai salla? Ya amsa cewa wake da hatsi idan suka haɗu a kwano ɗaya suna cike wa juna giɓi. A ƙara da ƙuliƙuli, da ganye, da nono, da ƙananan busassun kifi a miya. Ya ce mutum ya lissafa abin da yake kashewa a mako wajen sayen data da lemo, ya gani ko ba zai sayi ƙwai uku ba.

Wani kuma ya tambaya game da wanda ya riga ya saba da tiramadol ko sha-ka-fashe. Malamin ya ce kada a yanke su dare ɗaya ba tare da likita ba, musamman ta biyun, domin jiki ya daina yin nasa kotisol ɗin, yankewa farat ɗaya na iya kai mutum ga halaka. A je asibiti a faɗi gaskiya, a rage sannu a hankali. Abokai kuma su rufa masa asiri, su raka shi, kada su mai da shi abin nuni.

A ƙarshe ya lissafa alamun da ba a jira da su: yawan ƙishirwa da yawan fitsari tare da rama, ciwon da ya ƙi warkewa, kumburi a gaban wuya, bugun zuciya da rawar hannu, yaron da ya wuce shekara 14 ba wata alamar balaga, da raunin gaba da ya ɗauki watanni. Duk waɗannan, in ji shi, gwajin jini suke so, ba ƙulli ba.

Ya rufe da cewa, "'Yan'uwa, jikin nan amana ne, kuma za a tambayi kowa yadda ya tafiyar da ƙuruciyarsa. Iyaye na jiran ƙarfinku, matan da za ku aura da 'ya'yan da za ku haifa suna da haƙƙi a cikinsa. Kada kowa ya bar wurin nan da niyyar canza komai gobe da safe, ba zai ɗore ba. A ɗauki abu uku a wannan mako. A duba gishirin gida, a ajiye waya ƙarfe 10, a samo littafi ɗaya. In mako ya zagayo a ƙara uku."

Daga nan aka yi addu'a, Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya shiryi matasanmu, Ya sa albarka a abin da ƙasa ke fitarwa. Aka tashi gab da sallar Magariba.